Tseren Mota A Gem Ba Shiririta Ba Ne: Martani Ga Iyayenmu Na Unguwa

Na so a ce wani zancen na kawo muku yau, to amma abin da ya faru a unguwarmu ranar Juma'ar da ta wuce ya tsaya mini a rai, in ban amayar da shi ba ba zan samu sukuni ba.

Bayan sallar La'asar kwamitin dattawan unguwa suka kira yaron da yake da shagon gem a bakin layinmu, suka ba shi wa'adin wata ɗaya, ko ya rufe ko ya kwashe kayansa ya nemi wani wuri. Dalilinsu uku ne: wai shagon ya zama matattarar zauna-gari-banza, wai ana caca a ciki, wai kuma yana hana yara sallah. Ana cikin haka sai wani dattijo, aminin mahaifina, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya nuna ni da carbinsa ya ce, "Ku dubi ɗan gidan Alhaji, gemu ya cika masa fuska, amma yana zaune gaban talabijin yana murza sitiyarin roba, yana tuƙa motar da ko buhun dankali ɗaya ba za ta kai Farin Gada ba." Aka bushe da dariya. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Baba," domin ba a yi mini tarbiyyar sa-in-sa da manya ba. To amma abin da baki ya kasa faɗa a gaban dattawa, alƙalami zai faɗe shi cikin ladabi, kuma zai faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba.

Iyayenmu, kun yanke hukunci a kan abin da ba ku taɓa tsayawa kun kalla ba ko na minti biyar. Wannan shi ne ƙorafina na farko, kuma shi ne babba.

Bari in fara da bayyana abin da muke yi, domin da yawa daga cikin masu karatu, da an ce gem, abin da ke zuwa musu a rai shi ne irin Need for Speed da muka buga muna yara, inda mutum zai bangaji motar 'yan sanda ya tsallake gada yana ihu. Wancan wasa ne, ban musa ba. Amma gasar tseren mota ta intanet, irin wadda ake yi a Gran Turismo ko iRacing ko gem ɗin Formula 1, wata aba ce daban. An auna hanyoyin tsere na gaske an zuba su a ciki kwana bayan kwana, irin su Suzuka ta Japan, da Monza ta Italiya, da Le Mans ta Faransa mai tsawon kilomita 13.6. Taya tana cinyewa, mai yana ƙarewa, in aka yi ruwa kwalta tana santsi. Waɗanda kake tsere da su mutane ne masu rai, wani yana Jamus, wani yana Brazil, wani yana Afirka ta Kudu, duk a lokaci guda. Sannan akwai maki iri biyu da ake rubuta wa kowa: na gudu da na ɗa'a. Ka daki motar wani da gangan, ko ka yanke kwana, nan take a ci tararka, makin ɗa'arka ya faɗi, gobe kuma a haɗa ka da mahaukatan direbobi irinka. A iRacing ma da sunanka na gaskiya kake shiga, babu ɓuya. Wato dai wuri ne da mai garaje ba ya cin riba.

Mahaifina dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada, dankalin Turawa da kabeji da karas, kuma akwai wani direba da ya fi shekara 20 yana ɗaukar masa kaya zuwa Kudu. Kawu muke ce masa. Duk wanda ya san Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san abin da ake nufi da saukar da mota mai lodi a wannan gangare, ya kuma san rayukan da wurin ya ci. Wata rana na lallaɓa Kawu na zaunar da shi gaban sitiyarina. Kwanar farko ya yi cikin ciyawa, ta biyu ya rungumi katanga, ana ta dariya. Da ya yi zagaye kamar biyar sai na ga ya gyara zama, ya daina surutu. Da ya tashi sai ya ce mini, "Yaro, wanda ya ƙera wannan abin ya san mota. Ba a totur ake gane direba ba, a birki ne, kuma ga shi nan sun saka." Kawu bai yi boko ba, amma ya gwada kafin ya yi magana. Wannan kaɗai nake roƙon dattawanmu.

Yanzu bari mu zo kan motar gaske, tunda an ce tawa ta roba ce. Wa ye a cikinmu bai san wasan motar da ake yi in an ɗauko amarya ba? Samari su cika mota, wasu a kan taga, wasu a kan but, a zo tsakiyar titi ana juyi, taya tana hayaƙi, yara ƙanana sun yi da'ira suna tafi. Bara a unguwar nan tamu irin wannan wasa ya karya wa wani yaro ɗan firamare ƙafa, har yau yana ɗingishi. Shin an kira kwamiti? An ba wani wa'adin wata ɗaya? Ko kusa! Da yake mai motar ɗan gidan wane ne, sai aka ce ƙaddara ce, aka biya kuɗin ɗori, aka rufe maganar. Ni kuwa da nake tuƙi a ɗaki, wanda in na yi haɗari sai dai in danna maɓalli in sake farawa, ni ne abin nunawa da carbi. Haba jama'a! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sha'awar gudu tana jinin matashi, tun kakanninmu suna sukuwa da dawaki ake yin ta. Ba za ku iya cire ta ba. Abin da za ku iya shi ne ku zaɓa mata wuri: ko a kan titin Bauci inda 'ya'yan mutane ke tsallakawa, ko a gaban talabijin.

An ce wai ba a cin abinci da wannan abu. To ga tarihi nan, ba ni na ƙirƙire shi ba. A shekarar 2008 kamfanin Nissan da na Sony suka buɗe wata gasa mai suna GT Academy, inda za a tace gwanayen Gran Turismo a ba wanda ya yi fice motar tsere ta gaske. Wanda ya fara ci wani ɗalibi ne ɗan Sifen, Lucas Ordóñez, kuma a 2011 ya zo na biyu a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans, wanda yana cikin tsere mafi daraja a duniya. A wannan shekara ta 2011 wani baƙar fata ɗan Birtaniya mai shekara 19, Jann Mardenborough, ya doke mutum 90,000 a wannan gasa, bayan shekara biyu ya zo na uku a rukuninsa a Le Mans, har aka yi fim a kan rayuwarsa a 2023. A 2017 da hukumar Formula 1 ta fara tata gasar ta gem, mutum sama da 60,000 suka shiga, wanda ya ɗauki kofin a Abu Dhabi shi ne Brendon Leigh, yaro ɗan shekara 18 mai aiki a kicin ɗin gidan abinci a Ingila. Shekara ta zagayo yana sanye da rigar Mercedes, ya sake cinyewa. Igor Fraga na Brazil ya ci kofin ƙasashe na Gran Turismo a Monaco a 2018, a 2020 kuma ya ci gasar Toyota ta motocin gaske a New Zealand.

In kuma an ce ai waɗannan yara ne, to me za a ce da Max Verstappen, wanda ya zama zakaran duniya na Formula 1 sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024? A watan Mayun 2024, a ƙarshen mako guda, ya ci tseren gaske na Imola a Italiya, ya kuma ci tseren awa 24 na Nurburgring a iRacing tare da abokan wasansa. Mutumin da ake biya miliyoyin daloli don ya tuƙa mota bai raina sitiyarin roba ba. Kuma kada a ce abin Turawa ne kawai. Ƙasar Saudiyya, wadda iyayenmu ke tara kuɗi shekara da shekaru don su je, ita ta shirya gasar cin kofin duniya ta wasannin gem a Riyad a 2024, da kyautar da ta haura dala miliyan 60, kuma tseren mota yana cikin wasannin da aka fafata.

Na san abin da za a ce: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, na yarda. Amma ku yi mini afuwa in tuna muku wani abu da aka taɓa hangowa ba daidai ba. Yayyenmu sun ba mu labarin irin bulalar da suka sha a kan ƙwallon ƙafa a garin nan, ana ce mata sana'ar 'yan iska. Yau fa? A Jos aka haifi Ahmed Musa a 1992, a filayen garin nan ya koyi tamaula, ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018. Mikel Obi ma ɗan Jos ne, ya ɗauki kofin zakarun Turai da Chelsea a 2012. Yanzu waɗanda suka fasa wa 'ya'yansu ƙwallo da wuƙa su ne ke saya wa jikokinsu takalmin buga ta. Yara nawa masu baiwa muka kashe wa gwiwa kafin mu farga? Haka aka yi da harkar fim, wadda garin nan yana cikin wuraren da suka raine ta. Sai yaushe za mu daina zagin abu shekara 20, sannan in wasu sun ci moriyarsa mu biyo baya muna cizon yatsa?

Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ban ci kofin kowa ba, kuma ba na yaudarar kaina cewa gobe za a aiko mini da jirgi. Cikin dubban da ke shiga irin waɗannan gasa, 'yan ƙalilan ne ke samun abin kansu da ita, kamar dai ƙwallo. Kuma mu a nan da dabaibayi a ƙafa muke tsere. Na farko wuta. Akwai daren da nake na biyu cikin motoci 16, saura zagaye biyu a gama, aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta an rubuta mini cewa na gudu daga tsere, makin da na yi sati uku ina tarawa ya zube. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, janaretan ma ya zama sai dole.

Na biyu sabis. Duk motsin da na yi da sitiyari sai saƙonsa ya tashi daga Jos ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya kai Turai, sannan amsa ta dawo. Motar da ke gudun kilomita 250 a awa tana shafe kusan mita 70 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan in saƙona ya yi jinkirin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, inda nake ganin motar abokin karawata da inda take a zahiri ya bambanta da mita 14, tsawon motoci uku ke nan. Sau nawa aka zage ni da harshen da ban sani ba, wai na yi karo da gangan, alhali a talabijin ɗina ko kusa da shi ban je ba! Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, kwanaki muka yi muna kallon juna. Starlink ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, amma kuɗinsa ba na ɗan tireda ba ne. Na uku kayan aiki. Sabon sitiyarin Logitech G29 ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 sau da yawa. Nawa na hannu ne, wata takwas ina tara ladan lodi da sauke kaya a kasuwa kafin in saya.

Shi ya sa shagon nan da kuke son rufewa yake da muhimmanci. Ɗan mai kuɗi yana da nasa a ɗaki, da sola da batir, ko an rufe shago ko a jikinsa. Ɗan mai shayi da ɗan mai faci da ɗan dako su ne za ku kora. Kuma ina za su? Ku ƙirga shagunan cacar ƙwallo da ke tsakanin Terminus da Unguwar Rogo, sannan ku gaya mini wanne kwamiti ya taɓa ba ɗaya daga cikinsu wa'adi.

Akwai kuma wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina goye aka yi rikicin 7 ga Satumba 2001, na yi wayo a na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010. Na tashi a garin da kowane yaro ya san layin da ba a tsallakawa. Mu da aka haifi kakanninmu a nan tun zamanin haƙar kuza mun san tambayar da ake yi mana in mun je neman gurbin karatu ko aiki. To agogon tsere bai san wannan tambaya ba. Ba ya neman takardar asali, ba ya tambayar sunan kakanka. In ka yi zagaye a minti ɗaya da daƙiƙa 47, abin da zai rubuta ke nan. Wanda ya fi kowa matsa mini a garin nan wani saurayi ne Birom daga wajen Bukuru. Wata shida muna kishin juna a allon sakamako kafin mu san cewa kuɗin mota ɗaya ne tsakaninmu. Yau shi ke gyara mini saitin birki, ni nake nuna masa inda yake asarar lokaci a kwana. Ban ce gem zai kawo zaman lafiya a Filato ba, ni ba yaro ba ne. Amma wuraren da ɗan Gangare da ɗan Bukuru ke haɗuwa ba don ciniki ba, ba don rigima ba, ba su da yawan da za mu riƙa rufe su da hannunmu.

To, kada a ce na zo wanke samari ne tas. A cikin zarge-zargenku uku akwai gaskiya, kuma zan faɗe ta ko abokaina za su ji haushi. Ana caca a wasu shagunan gem. Duk inda mutum biyu suka ajiye kuɗi, wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce ko da wane suna aka kira ta, ba sai na zama malami ba kafin in san haka. Akwai masu jin kiran sallah su ce bari a ƙarasa zagaye, ni kaina na taɓa yi, Allah Ya yafe mini. Akwai 'yan makarantar da ke labewa a shago da rigar makaranta a jikinsu. Akwai kuma wanda gem ya zame masa ciwo, ba barci ba sana'a, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irin wannan kamu cikin jerin cututtuka a 2019. Ni ma akwai lokacin da nake kaiwa ƙarfe uku na dare, asuba ta yi in kasa tashi sauke kaya, har Baba ya kira ni ya ce, "In motar talabijin ce za ta ciyar da kai, to ka gaya mini in nemi wani yaron." Maganarsa ta shige ni, na tsara lokacina: kasuwa daga asuba zuwa azahar, atisaye awa biyu bayan isha'i. Amma fa ku lura, Baba bai fasa sitiyarin ba. Iyaka ya sa mini. Ba a rushe kasuwa don an kama mai tauye mudu a cikinta.

Saboda haka ga roƙona, kuma a shirye nake in maimaita shi a gaban kwamiti in an ba ni dama. A janye wa'adin nan, a kafa doka a maimakonsa: a rufe shago lokacin kowace sallah, kada ɗan makaranta ya shiga a lokacin karatu, duk wanda aka kama da caca a kore shi, ƙarfe goma na dare a kashe inji. Ku naɗa mutum biyu daga cikinmu su sa ido, in mun gaza ku rufe, ba za mu ce uffan ba.

Ku kuma iyayenmu 'yan kasuwa, masu sayen kofi da riguna in za a yi gasar ƙwallon unguwa, ku gwada mu sau ɗaya. Faifan sola biyu da batir sun isa su raba shagon nan da matsalar wuta. A sa gasa lokacin hutun Babbar Sallah, kyautar ta fito daga aljihun mai ɗaukar nauyi, kada ɗan wasa ya zuba ko sisi, a gayyato samarin Rikkos da Tudun Wada da Jenta da Bukuru. A fara da gasar agogo, inda kowa ke tuƙi shi kaɗai a rubuta lokacinsa, domin ita jinkirin sabis bai cika cutar da ita ba, kuma da irinta aka fara tace su Mardenborough. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku kuma 'yan'uwana masu buga gem, mu ne muka ba da ƙofar da ake zaginmu. In muna son a ɗauke mu da daraja, to mu bar ashar a shago, mu bar caca, mu riƙe sana'a, in an kira sallah mu riga kowa sahu. Wanda bai iya taka wa kansa birki ba, ban ga yadda zai taka wa mota ba.

Shi kuwa Baba da ya nuna ni da carbi, ban riƙe shi a zuciya ba, uba ne. Ina gayyatarsa, duk ranar da ya samu sarari, ya zo ya zauna a kujerata ya yi zagaye uku kacal. In ya kai ƙarshe bai taɓa katanga ba, na yi alkawari a gaban jama'a zan sayar da sitiyarin in ƙara a jarin dankali.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Jos da Nijeriya baki ɗaya, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini. Wassalam.